DARASI: FIƊAR GYARAN FUSKA DA JIKI, DA WAJABCIN ZAƁEN LIKITA GWANI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam ya kyautata surarsa, ya sanya jikinsa amana a hannunsa, ya kuma hore masa sanin magani. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala da tambayoyi suka yawaita a kanta a masallatanmu na Tanut da Belbeji da ƙauyukan da ke kewaye da su, wato fiɗar da ake yi domin gyaran fuska ko wata gaɓa ta jiki, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira tiyata. Masu tambaya galibi sukan tsaya ga abu ɗaya: halal ce ko haram? Idan malami ya ce halal ce, sai mai tambaya ya kaɗe rigarsa ya tafi, yana ganin magana ta ƙare. Alhali kuwa malaman da suka halatta ta sun ɗaure halaccin da sharuɗɗa, kuma daga cikin manyansu akwai kasancewar wanda zai riƙe wuƙar gwani ne sananne a wannan fanni. Duk wanda ya karɓi halaccin ya bar sharaɗin, to rabin fatawa ya ɗauka. Wannan shi ne abin da muke nufin bayyanawa, da taimakon Allah.

FASALI NA ƊAYA: RABE-RABEN WANNAN FIƊA

Ku sani, Allah ya yi mana rahama baki ɗaya, asali game da jikin mutum shi ne haramcin taɓa shi da wuƙa, domin ajiya ce Allah ya ba mai shi. A aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, Allah ya ba mu labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na tura ƴan Adam ga jirkita halitta. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) tsinuwa a kan masu yin jarfa, da masu tsige gira, da masu goge haƙora su fitar da wushirya don neman kyau. Sai dai Imamu Nawawi, a sharhinsa ga Sahihu Muslim, ya lura da cewa hanin ya zo a ƙayyade da neman ƙarin kyau, saboda haka idan domin magani ne ko kawar da aibi, babu laifi a kai.

Babban dalilin halaccin gyara shi ne ƙissar sahabin nan Arfajatu ɗan As'adu (R.A.), wadda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An sare masa hanci a yaƙin Kulabu tun zamanin Jahiliyya, ya sa aka ƙera masa na azurfa, sai ya yi masa ɗoyi, Manzon Allah (S.A.W.) ya umarce shi da ya sanya na zinariya. Ku duba fa, zinariya haramun ce ga namiji, amma aka yi masa rangwame domin a mayar masa da kamanninsa.

Daga waɗannan dalilai malamai suka kasa wannan fiɗa gida uku:

1. Ta lalura, wadda rai ko amfanin gaɓa ya rataya a kanta, kamar buɗe muƙamuƙin da ya ƙulle har mai shi ya kasa cin abinci.

2. Ta bukata, wadda ke kawar da aibi mai cutar da mutum a jikinsa ko a zuciyarsa, kamar ɗinke tsagaggen leɓe, ko warware yatsun da ƙuna ta liƙe su.

3. Ta ƙawa zalla, wadda ake yi wa gaɓa lafiyayya don bin son rai ko kwaikwayon wasu.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, mai mazauni a Jidda, ta zauna kan wannan mas'ala a taronta na 18 a garin Putrajaya na ƙasar Maleshiya, cikin watan Yulin 2007, ta fitar da ƙuduri mai lamba 173. Ta halatta kashi na ɗaya da na biyu, ta hana na uku. Sannan ta jero sharuɗɗa: amfanin ya zama wanda shari'a ta yarda da shi, cutarwar kada ta rinjayi amfanin, a samu iznin majinyaci, likita ya bayyana masa haɗarin da ke ciki, kada a sami wata hanya mafi sauƙi da za ta wadatar, a kiyaye hukunce-hukuncen al'aura da keɓancewa, kuma mai aikin ya zama likita ƙwararre a fannin, in ba haka ba lamuni ya hau kansa.

FASALI NA BIYU: ABIN DA KE GABANMU A DAMARGU

Kada wani ya zaci wannan magana ta masu kuɗin birane ce. Mafi yawan masu bukatar wannan fiɗa a ƙasarmu yaran talakawa ne, kuma abubuwa uku ne suka fi kai su gare ta.

Na farko shi ne cutar da mutanenmu ke kira ciwon iska, likitoci kuwa suna kiran ta noma, kalmar baƙin harshe ce wadda ba ta da dangantaka da noman gona. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko masassarar cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, sai kunci ya kumbura, cikin ƴan kwanaki naman ya mutu ya zube, har ƙashi ya fito fili. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ne ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba su samu magani ba sukan rasu. A watan Disambar 2023 hukumar ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa. Ba a ɗaukar ta daga wani zuwa wani, kuma ba shafar aljanu ba ce. Idan an kai yaro gidan likita tun tana dasashi, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sukan tsayar da ita, da iznin Allah. Duk da ana kiran Damargu rumbun hatsi, mun san abin da muka gani a yunwar 1984, da ta 2005, da ta 2010, kuma duk inda tamowa ta sauka wannan cuta tana biye da ita. Yaron da ya rayu yakan tashi da rami a kunci, ko rashin leɓe ko hanci, ko muƙamuƙi a ƙulle.

Na biyu shi ne tsagewar leɓe ko ta ganɗa da ake haihuwar jariri da ita, wadda a duniya takan samu kimanin jariri ɗaya cikin 700. Jaririn da ganɗarsa ke buɗe ba ya iya tsotso sosai, nono yakan fito masa ta hanci, sai ya rame.

Na uku shi ne ƙuna, musamman a lokacin ɗari, sa'ad da yara ke kewaye wuta ko su faɗa wa tukunyar kunu. Idan ƙunar ta warke ba tare da kulawa ba, fata takan tattare ta liƙe haɓa da ƙirji, ko ta dunƙule yatsu a tafin hannu.

Duk waɗannan ukun suna cikin kashin lalura ko na bukata, gyaransu halal ne, wani lokaci ma ya kai ga wajibi a kan waliyyin yaro. Uban da ya ɓoye ɗansa a ɗaki yana cewa haka Allah ya halicce shi, ya tuna da amsar da Sayyidina Umar (R.A.) ya ba Abu Ubaida (R.A.) lokacin annobar Sham, inda ya nuna masa cewa guje wa cuta shi ma yana cikin ƙaddarar Allah.

FASALI NA UKU: ASALIN NEMAN GWANI A SHARI'A

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, daga Zaidu ɗan Aslama, cewa wani mutum ya ji rauni a zamanin Annabi (S.A.W.), jini ya taru a raunin, sai ya kira wasu mutane biyu daga ƙabilar Banu Anmar don su duba shi. Manzon Allah (S.A.W.) ya tambaye su wane ne ya fi sanin magani a cikinsu. Malamai suka ce wannan tambaya ita ce asali wajen neman mafi gwaninta a kowane ilimi da kowace sana'a. Dukansu biyun masu magani ne, amma bai ce duk wanda ya ga dama ya taɓa shi ba. Haka kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) ya yi ciwo, Annabi (S.A.W.) ya nuna masa Harisu ɗan Kalada, mutumin Saƙifa, saboda an san shi da sanin magani. A aya ta 43 ta Suratun Nahli an umarce mu da komawa ga masana a kan abin da ba mu sani ba, a aya ta 26 ta Suratul Ƙasasi kuma an haɗa mana siffofi biyu na wanda ya cancanci a ba shi aiki, wato iyawa da amana.

Magabatanmu sun yi aiki da wannan har a tsarin hukuma. Malaman tarihi sun ambaci cewa a shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931 ta Miladiyya, labari ya kai wa Halifa Muƙtadir cewa wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Sai ya hana kowa yin aikin likita sai wanda babban likita Sinanu ɗan Sabit ya jarraba shi ya ba shi takarda, aka jarraba mutum ɗari takwas da wani abu. Abul Ƙasim Zaharawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe sashe na 30 na littafinsa Attasrif ga ilimin fiɗa, ya zana kayan aikinta kusan 200, ya kuma yi gargaɗi cewa wanda bai san yadda aka jera jijiyoyi da gaɓoɓi ba zai faɗa cikin kuskuren da ke kashe mutane. Ashe neman takardar shaidar likita ba bidi'ar Nasara ba ce, gadonmu ne.

FASALI NA HUƊU: LAMUNIN MAI MAGANI

Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito daga Amru ɗan Shu'aibu, daga babansa, daga kakansa, hadisin da ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya tsoma kansa cikin aikin magani alhali ba a san shi da shi ba. Ibnu Rushdi ya ambata a Bidayatul Mujtahid cewa babu saɓani a kan lamunin irin wannan mutum, domin mai ƙetare iyaka ne. Shehu Halil kuma, a Muhtasar, ya taƙaita sabubban lamunin likita cikin uku: jahilci, da sakaci, da yin aiki ba tare da izni karɓaɓɓe ba. Amma gwanin da aka ba izni, ya bi ƙa'idar sana'arsa, hannunsa bai kuskure ba, sannan ajali ya zo, to babu komai a kansa.

Abin lura a nan, ya ƴan'uwa, shi ne nauyin bai tsaya ga mai wuƙa kaɗai ba. Yaro ba ya zaɓa wa kansa likita, waliyyinsa ke zaɓa masa, kuma tasarrufin waliyyi a kan yaro ɗaure yake da maslahar yaron. Uban da ya miƙa ɗansa ga wanda bai bincika ba, don araha ko don kusa ko don jin kunyar wani, ya yi sakaci da kiwon da za a tambaye shi a kansa. Diyya, in ma an biya ta, ba ta mayar da leɓen da aka ɓata, kuma gyara na biyu kullum ya fi na farko wuya, domin naman da ya yi tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayye.

Wannan bai zama cin fuska ga wanzamanmu ba. Annabi (S.A.W.) ya yi ƙaho a hannun Abu Ɗaiba ya biya shi ladansa, kamar yadda ya tabbata a Buhari. Sai dai kowace sana'a da iyakarta. Kumburin kuncin yaro mai warin baki ba wurin sakiya ba ne, ba wurin tsaga ba ne, kuma kwana biyun da aka ɓata ana turare da shafe-shafe suna iya zama su ne tsakanin yaro da fuskarsa. Wanzami mai tsoron Allah, idan an kawo masa irin wannan, sai ya ce a wuce gidan likita yau, ya samu ladar nasiha.

FASALI NA BIYAR: YADDA AKE GANE LIKITAN DA YA CANCANTA

1. A bi ta ƙofa. Hanya mafi aminci ita ce a fara da gidan likita na kusa, wato CSI, ko asibitin gunduma na Tanut, su rubuta takardar turawa zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram, mai nisan kimanin kilomita 150 daga Tanut, ko zuwa Yamai. Tun 2006 hukuma ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Wanda ya tare ku a tasha ko a ƙofar asibiti yana cewa ya san wani likita mai sauƙi, dillali ne, kuma la'adarsa yake nema.

2. A tabbatar da karatunsa da rajistarsa. Ba duk mai farar riga ne likita ba, kuma ba duk likita ne mai fiɗa ba. Likita yakan yi shekara bakwai ko takwas a jami'a, kamar ta Abdu Mumuni a Yamai, sannan mai son fiɗa ya ƙara wasu huɗu ko biyar a ƙarƙashin manyan malamanta. Doka ta wajabta masa rajista a majalisar likitoci ta ƙasa, wadda ake kira Ordre des Médecins. Likitan gaskiya ba ya jin haushin a tambaye shi inda ya yi karatu da lambar rajistarsa.

3. A tambayi sabonsa da wannan aikin musamman. Gwanin fiɗar ciki ko ta haihuwa ba lallai ne ya zama gwanin fuska ba. Gyaran ɓarnar ciwon iska yana bukatar a ɗauko fata da tsoka daga wani sashe na jiki, kamar goshi ko ƙirji ko hannu, a dasa a fuska, kuma sau da yawa sai an yi aiki biyu ko uku ko fiye. Sai a ce masa: sau nawa ka yi irin wannan? Yaya suka ƙare?

4. A tambayi mai sa barci da wurin aikin. Haɗarin fiɗa mai yawa yana wajen allurar barci. Yaron da bakinsa ba ya buɗewa, sai an zura masa bututun numfashi ta hanci da na'ura ta musamman, ko a buɗe masa ƙofa a maƙogwaro, wannan kuwa sai ƙwararre. Dole wurin ya kasance da iskar numfashi, da na'urar auna ta a jini, da jinin ƙari, da kayan tafasa ƙarafan aiki, da masu kwana kan majinyaci. A 2008 OMS ta fitar da jerin tambayoyin da ma'aikata ke bi kafin fiɗa da bayanta, kuma da aka gwada shi a asibitoci 8 na ƙasashe dabam-dabam, mace-mace suka ragu daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa kashi 0.8. Ɗakin haya ko bayan shagon magani ba wurin fiɗa ba ne.

5. A saurari ko yana faɗin haɗari. Wanda ya ce babu wani haɗari, ko ya yi alkawarin fuska za ta koma kamar ba a taɓa ba, ya yi ƙarya ko ya jahilta. Misali, akwai tabon nan mai tsiro da ke fitowa bayan hujin kunne ko tsaga, wanda ya fi yawa ga baƙar fata. Idan an yanke shi kawai ba tare da wani magani a bayansa ba, sau da yawa yakan dawo ya fi na da girma. Gwani zai faɗa maka wannan kafin ya taɓa ka. Iznin da aka bayar ba tare da an fahimci haɗari ba, ba izni ne karɓaɓɓe ba. Kada a dangwala yatsa a takardar da ba a fassara ba, a nemi a karanta ta da Hausa ko Tamashek ko Fulfulde ko Barbarci, gwargwadon harshen mai ita.

6. A duba ko ya san lokacin jira. Gwani yakan ce ba yanzu ba. Yaron da ciwon iska ya ci, galibi ba a yi masa fiɗar gyara sai an kai kamar shekara bayan ciwon ya lafa kuma jikinsa ya murmure. Tsagaggen leɓe akan ɗinke shi daga wata 3 zuwa 6 idan nauyin jariri ya kai, ganɗa kuwa daga wata 9 zuwa 18, kafin harshe ya saba da magana. Wanda ke matsa maka ka biya yau a yi gobe, abin tuhuma ne.

7. A tambayi abin da zai biyo bayan aiki. Muƙamuƙin da aka buɗe, idan ba a riƙa motsa shi kullum na tsawon watanni ba, yakan sake ƙullewa. Yatsun da aka warware suna bukatar ɗauri da motsawa. Sai a sani tun farko: wa zai cire zare, wa za a nema idan wurin ya yi ruwa, yaushe za a koma?

8. A yi maganar kuɗi a fili, a rubuce, a karɓi rasiɗi. Tsada ba shaidar gwaninta ba ce, kyauta kuma ba alamar rashin kyau ba ce. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis, wadda Edmond Kaiser ya kafa a 1980, ta fara karɓar yara masu ciwon iska a Damagaram tun 1992, ta kai waɗanda aikinsu ya yi tsanani har asibitin jami'ar Jeneba. Ƙungiyar Hilfsaktion Noma ta Jamus, da aka kafa a 1994, ita ma ta yi aiki a Nijar kan wannan cuta. A Sakkwato an buɗe asibiti na musamman domin ita a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga tallafa masa a 2014, ana yi wa majinyata aiki ba tare da biya ba. A Yamai kuma an buɗe asibitin yara na CURE a 2010, domin irin su tsagaggen leɓe da tattarewar ƙuna. Ma'aikatan CSI da na asibitin gunduma su za a tambaya inda ake karɓa da ranar da tawagar likitoci za ta zo.

FASALI NA SHIDA: MAS'ALOLI BIYU

Ta farko: idan gwanin ba Musulmi ba ne fa? Amsa: ya halatta a je wurinsa matuƙar an amince da iyawarsa da gaskiyarsa. Malamai sun kafa hujja da cewa Annabi (S.A.W.) ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗu jagora a tafiyar Hijira alhali yana kan addinin mutanensa, saboda sanin hanya da riƙon amana. Idan aka sami Musulmi gwani kamarsa, shi ne a gaba. Amma ba a fifita Musulmin da bai iya ba a kan wanda ya iya, domin salla ba ta koya wa mutum ɗinki. Abin da ke kan iyaye shi ne su raka ɗansu, su kula da sallarsa da abincinsa da abin da ake koya masa.

Ta biyu: mace a hannun likita namiji. Majalisar Fiƙihun da muka ambata, a taronta na 8 a ƙasar Burunai cikin 1993, ta jera abin kamar haka: likita mace Musulma ƙwararriya, in babu sai mace amintacciya wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji Musulmi, in babu sai waninsa, tare da halartar muharrami ko miji ko mace amintacciya, kuma kada a buɗe sai wurin da aiki ya shafa. Wannan jeri yana tsakanin ƙwararru ne. Ba a kai yarinya ga macen da ba ta iya ba don gudun namijin da ya iya.

FAƊAKARWA GA MASU FITA WAJE

A yanzu wayoyin hannu sun cika da tallar asibitocin Tunusiya da Turkiyya da Masar da Indiya, ana nuna hoton kafin aiki da na bayansa a Facebook da TikTok. A waɗannan ƙasashe akwai ƙwararrun likitoci na gaske, akwai kuma ƴan kasuwa. Wanda lalura ko bukata ta sa shi fita, to sharuɗɗa takwas ɗin nan suna kansa, da ƙarin ɗaya: ya san wanda zai kula da shi idan ya dawo gida matsala ta taso. Hoto ba shaida ba ne, domin mai talla ba ya nuna wanda aikinsa ya ɓaci.

Amma masu fita don rage tumbi ko ƙara mazaunai ko sauya hanci lafiyayye, sun haɗa wa kansu hani da haɗari. Wani bincike da likitocin wannan fanni suka fitar a Amurka a 2017 ya ƙiyasta cewa aikin ɗura kitse a mazaunai yana kashe kusan mutum ɗaya cikin 3,000, domin kitsen yakan shiga jijiyar jini ya toshe huhu. Kuma mun ga aya a kan Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na wancan lokaci, wadda ta rasu ranar 23 ga Oktoban 2005 bayan fiɗar zuƙe kitse a wani asibitin kuɗi na kudancin ƙasar Sifen. A 2009 kotun Malaga ta sami likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Idan dukiya da mulki da asibitin Turai ba su tsare ta daga sakaci ba, yaya ƴarmu da za a yi wa allurar da ba a san abin da ke cikinta ba a ɗakin kitso?

KAMMALAWA

Muna kira ga limamai da malaman makarantun allo da na Islamiyya, da masu garuruwa da hardo-hardo, daga Gangara zuwa Olelewa, daga Falanko zuwa Tarka da Tanhiya, da su zama idon jama'a. A koya wa iyaye mata buɗe bakin yaro su duba dasashinsa, musamman bayan ƙyanda da lokacin yaye. A kai yara rigakafi. A hana yi wa masu aibin fuska dariya da laƙabi, domin aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da munanan sunaye. Sau da yawa abin da ke hana talaka kai ɗansa shi ne kuɗin mota da guzurin uwar da za ta yi jinya, da barin gona a tsakiyar damina. Irin wannan gida yana cikin masu haƙƙin zakka, kuma jika biyar-biyar daga mutum goma na sahun gaba sun isa su kai yaro da uwarsa Damagaram, maƙwabta su yi wa uban gayya a gonarsa.

Wanda ya bincika, ya yi shawara, ya yi istihara, ya miƙa ɗansa ga gwani amintacce, to ya ɗaure raƙuminsa, sai ya dogara ga Allah, duk abin da ya biyo baya ya sauke nauyin da ke kansa.

Tambayoyi domin bita a zaman karatu:

1. Kawo kashi uku na fiɗar gyara, da misali ɗaya ga kowane.
2. Mene ne aka fahimta daga tambayar da Annabi (S.A.W.) ya yi wa mutanen Banu Anmar?
3. Waɗanne sabubba uku ne ke ɗora lamuni a kan likita a mazhabar Malikiyya?
4. Waɗanne alamomi ne na farko na ciwon iska, kuma ina za a kai yaro idan an gan su?

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sanya albarka a hannun likitocinmu, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare zuriyarmu daga yunwa da cuta. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.